SAN KANKA: Magana A Kan Taken Latinanci Da Ke Ƙirjin Yaranmu

Ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in faɗa muku wani abu da ya same ni, da tunanin da ya jawo mini. In na yi daidai, to, daga Allah ne. In kuwa na kuskure, ga fili nan a wannan mujalla tamu, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata makaranta a Arkilla, nan gefen Sakkwato ta yamma, kusa da hanyar da manyan motoci ke bi suna ɗauko siminti daga Kalambaina. Makaranta ce mai tsabta, yaranta kuwa tsaf-tsaf, kowane da bajo a ƙirjin rigarsa. A jikin bajon an zana littafi a buɗe da fitila, a ƙarƙashinsu an rubuta kalmomi uku, Nosce te ipsum. Ran nan darasi ya ƙare da sauran lokaci, sai na tambayi ajin ko wa zai gaya mini ma'anar abin da ke rubuce a ƙirjinsa. Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce sunan Baturen da ya kafa makarantar ne. Wata yarinya ta ce ba haka ba ne, addu'a ce. Da aka tashi na tambayi wani malami da ya daɗe a wurin, sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, mai makaranta ne ya gano shi a intanet, ya ga ya yi masa kyau.”

Na yi ta dariya a zuci har na kama hanyar gida. Ina tafe sai na tuna da bangon littafina na darussa, inda tun shekarar da na shigo kwalejin nan na rubuta da jan alƙalami, Per ardua ad astra, watau ta hanyar wahala a ke kaiwa ga taurari. Ni na san ma'anar nawa, amma da na tambayi kaina wace wahala na taɓa ɗauka saboda shi, ban sami amsa ba. Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa. Yaran nan suna ɗauke da maganar da ba su fahimta ba, ni kuwa ina ɗauke da wadda na fahimta ban yi aiki da ita ba, kuma ban san wanda ya fi wani asara tsakaninmu ba.

Bari mu fara da asalin maganar. Nosce te ipsum ma'anarta, san kanka. Ba Rumawa ne suka fara faɗinta ba, daga Yunanawa suka aro ta. An rubuta ta da Yunananci a ɗakin bautarsu na Dalfi, inda mutane kan zo daga nesa neman duba. Sukuratu, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riƙe ta ƙwarai, ya kan nuna cewa wauta ce mutum ya yi ta binciken abubuwa na nesa alhali bai san kansa ba. Daga baya marubutan Rum irin su Sisero suka juya ta zuwa harshensu, watau Latinanci. Daular Rum ta yamma ta faɗi a shekara ta 476, amma harshenta bai bi ta kabari ba. Ya zama harshen ilmi da na ibada a Turai har fiye da shekara 1,000, kamar dai yadda Larabci ya ke a wurin malamanmu. Da shi Niyuton ya rubuta babban littafinsa na lissafin tafiyar taurari a 1687. Da shi kuma Linayus, masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, ya tsara sunayen halittu a 1735, kuma da ya zo kan ɗan Adam bai tsaya siffanta shi ba kamar yadda ya yi wa sauran dabbobi, sai ya rubuta wannan magana a gefen sunansa, Nosce te ipsum. Har yau kukar da mu ke miya da ita sunanta a littattafan kimiyya Adansonia digitata.

Da Turawan Ingila suka zo suka kafa makarantu a ƙasashen nan, sai suka zo da al'adarsu ta yi wa kowace makaranta take. King's College ta Ikko, wadda aka buɗe a 1909, takenta Spero lucem, watau ina sa ran haske. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka kafa a 1948, takenta Recte sapere fons, watau tunani madaidaici shi ne mafarin ilmi. Su kansu Turawan sun sassauta wa harshen, gama a 1960 manyan jami'o'insu biyu, Okasfod da Kambirij, suka daina tilasta wa mai neman shiga ya iya Latinanci. Amma taken ya zauna daram, har ga shi ya iso ƙirjin yaran Arkilla.

To, me ya sa irin waɗannan kalmomi ke jan zuciya haka? Na yi nazari, na ga dalilai uku.

Na fari shi ne gajarta. Latinanci harshe ne mai dunƙule magana, abin da wani harshe zai faɗa da kalma bakwai shi sai ya faɗa da biyu ko uku. Dubi taken wasannin Olimfik da aka ɗauka a 1894, Citius, altius, fortius, watau a ƙara sauri, a ƙara sama, a ƙara ƙarfi. Kalma uku ne, ko yaro ya riƙe su. Gajeriyar magana ta fi zama a zuciya, kuma mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan, tun da karin maganarmu duka haka ta ke.

Na biyu shi ne tsufa. In mutum ya ji an ce wannan magana ta yi shekara fiye da 2,000 ana faɗinta, sai ya ji ta yi masa nauyi, ya ga kamar ya shiga sahun mutanen da suka riƙe ta kafinsa. Saurayi kuwa, musamman wanda ya bar gida ya zo makarantar kwana, yana bukatar abin da zai dafa. Yana cikin shekarun da ya ke tambayar kansa shi wane ne, kuma me zai zama. In ya sami maganar da ta ce masa san kanka, ko ta ce masa ƙara hawa sama, sai ya ji kamar da shi a ke. Wannan ba abin dariya ba ne, alama ce ta zuciya mai rai.

Na uku shi ne wanda ba mu so a faɗa, watau baƙunta. Abin da ba a fahimta ba ya kan yi kwarjini. In na rubuta san kanka da Hausa a bangon littafina, abokina zai karanta ya ce, “To, kai ka san naka?” Amma in na rubuta da Latinanci sai ya ce, “Kai, wane ya yi nisa!” Maganar ba ta sāke ba, sai dai ta farko tana neman aiki a wurina, ta biyu kuwa tana jawo mini yabo a banza. Ina tsammani da yawa daga cikinmu yabon mu ke so.

Nan ne na ga take ya kan koma laya. Kowa ya san yadda a ke yin laya: a rubuta, a naɗe, a kai wa baduku ya ɗinke da fata, a rataya wa yaro. Yaron bai san abin da ke ciki ba, ba a kuwa so ya buɗe. Ba ina maganar hukuncin laya ba ne, wannan na malamai ne. Abin da na ke nufi, take ba don a rataya shi a ka yi shi ba. Umurni ne, kuma umurnin da ba a ji ba, ba a bin sa. Makarantar da ta ɗinka wa yara san kanka a ƙirji, ba ta taɓa gaya musu ma'anarsa ba, ta koya musu wani darasi ba da niyya ba, watau cewa ilmi ado ne da a ke sawa a waje, ba sai ya shiga ciki ba. Wannan darasi kuwa in ya kama yaro, zai bi shi har ranar da zai nemi takardar shaida ba tare da karatu ba.

Kada wani ya zaci ina ƙin Latinanci ne don baƙo ne. Haruffan nan da na ke rubutu da su na Latinanci ne, su ne Ɗan Hausa ya koyar a makarantarsa ta Nasarawa a Kano tun 1909. Cikin watannin da mu ke lissafin albashi da su, Yuli da Agusta sunayen masu mulkin Rum ne. Wani abokina ya ce mini bai kamata Musulmi ya ɗauki maganar da aka rubuta a ɗakin tsafi ba. Na amsa masa cewa malaman Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, sun fassara littattafan Yunanawa na likitanci da lissafi da hikima, suka ɗauki mai amfani suka zubar da saura. Gaskiya ba ta ɓaci don wanda ya fara faɗinta. Amma su malaman nan fassarawa suka yi, suka karanta, suka yi gardama a kai. Ba su rataya Yunananci a wuya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne, mun je aro abin da mu ke da shi a ɗaka. Zancen sanin kai tsohon zance ne a wurin malaman Musulunci. Akwai Harisu Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, wanda laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa Kimiya'us Sa'ada da babin sanin kai, kafin ya shiga babin sanin Ubangiji. Akwai kuma maganar nan da ta shahara a bakin masu wa'azi, mai haɗa sanin kai da sanin Allah. Imamu Nawawi ya ce ba ta tabbata hadisi ba ce, amma saboda yawan yawonta sai da Imamu Suyuɗi ya rubuta ɗan littafi a kanta, shi Suyuɗin nan na Masar da ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha kafin rasuwarsa a 1505. Ku lura da wannan hali na malamai: magana ta yi musu daɗi, amma daɗinta bai hana su binciken asalinta ba.

Nan gida kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun yi rubutu a kan cututtukan zuciya, irin su jiji da kai, da girman kai, da hassada, da riya, da yadda mutum zai gane su a jikinsa ya yi maganinsu. Ba kuwa a takarda kaɗai suka tsaya ba. Wajen shekara ta 1807, jihadi yana tsakiya, nasara tana zuwa, Abdullahi ya duba ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, ya ji tsoron kada shi ma ya shafe shi. Sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu, ya tsaya, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Mutumin da ya tuhumi zuciyarsa a ranar da ya ke da rinjaye, wannan shi ne ya san kansa, ko da bai taɓa jin kalma ɗaya ta Latinanci ba.

Kakanninmu da ba su yi karatu ba su ma ba a bar su a baya ba. Su ne suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su ne suka ce wanzami ba ya son jarfa. Wani Bature, Kirk-Greene, da ya daɗe yana aiki a ƙasar nan, ya buga ɗan littafi a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kowace ɗaya daga cikin goman nan ta isa a rubuta ta a ƙofar makaranta, kuma ba yaron da zai ce sunan Bature ne.

Magabatanmu a ilmin zamani sun gane wannan. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, wadda yanzu a ke kira Barewa, takenta na Larabci ne, Man jadda wajada, watau wanda ya yi ƙoƙari ya samu. Jaridar da Abubakar Imam, ɗaya daga cikin ɗalibanta, ya yi wa edita tun 1939, sunanta kansa take ne, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ko ɗan dako a kasuwa ya san abin da a ke nufi. Jami'ar da aka kafa nan Sakkwato a 1975, wadda ta ɗauki sunan Shehu a 1988, takenta kalma ɗaya ce, Iqra, watau yi karatu, kuma daga tushen wannan kalma muka samo tamu kalmar ta karatu. Sai dai in za a yi adalci, taken Larabci ma ya kan zama laya. Na san waɗanda ke rattaba shi da baki ba su san fassararsa ba. Saboda haka ciwon ba a harshe ya ke ba, a rashin fahimta ya ke.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai son irin waɗannan take ya lura da shi. Iri biyu ne, kuma kowane da inda ya ke ja. Akwai masu cewa hau sama, irin Excelsior da jihar Niyu Yok ta Amurka ta ɗauka a 1778, da irin wanda na rubuta a littafina. Akwai kuma mai cewa san kanka. Mutanen zamanin nan su kan haɗa su wuri ɗaya, su fassara san kanka da cewa ka gano baiwar da ke cikinka, kai babba ne. Amma masana sun nuna cewa Yunanawan farko abin da suka fi nufi da ita shi ne san iyakarka, ka tuna kai mutum ne mai mutuwa. Watau ɗaya ƙaimi ne, ɗaya linzami. Mutanen Sakkwato ba sa bukatar a gaya musu abin da ke samun mahayin da ya sa wa doki ƙaimi ba linzami, ko wanda ya ja linzami ya ƙi sa ƙaimi. Na farko zai sha ƙasa, na biyu ba zai bar ƙofar gida ba. Ɗalibin da ya riƙe hau sama kaɗai zai zama mai buri marar kunya, ya taka kowa don ya wuce. Wanda ya riƙe san iyakarka kaɗai zai zama rago, ya ce haka Allah ya yi shi. Ci gaba na gaskiya sai an haɗa biyun: ka san inda ka gaza, sa'an nan ka tashi ka gyara.

Wannan magana ta fi shafarmu mu da za mu zama malamai. Gobe za a ba kowannenmu aji mai yara arba'in ko hamsin. Malamin da bai san yana da saurin fushi ba, yara ne za su biya da jikinsu. Wanda bai san lissafinsa da rauni ba, zai koyar da kuskure shekara talatin, ya kuma doki yaron da ya gyara masa. Wanda bai san yana fifita ɗan mai kuɗi ba, zai yi ta yi yana rantsuwa shi adali ne. Likita in ya yi kuskure a kan gani nan da nan, amma kuskuren malami sai bayan shekaru ya ke fitowa, lokacin da ba dama a gyara.

Saboda haka ga shawarata, guda huɗu. Ta fari, duk makarantar da ke da take na Latinanci ko na Larabci ko na Turanci ta bar abinta, amma ta rubuta fassararsa da Hausa a ƙarƙashi, kuma a makon farko na kowace shekara a ba da darasi guda a kan ma'anarsa da asalinsa. Ta biyu, in aka nemi shawararmu wajen yi wa sabuwar makaranta take, mu fara dubawa cikin Hausa, kada mu tsallake rijiyar gida mu tafi neman ruwa wani gari. Ta uku, kowannenmu ya sami ɗan littafi, kowane dare kafin barci ya rubuta abu ɗaya da ya yi daidai a ranar, da abu ɗaya da ya ɓata, da abin da zai yi gobe a kai. Ba ya cin minti biyar, kuma shi ne hisabin da malamai suka yi ta faɗa. Ta huɗu, kowa ya nemi aboki guda wanda ba ya jin nauyin gaya masa gaskiya, ya ba shi izini, kuma in ya faɗa kada ya yi fushi, gama ba mai ganin ƙeyarsa sai an gaya masa.

Kafin in bar Arkilla na nemi izinin shugaban makarantar, ya kuwa ba ni da farin ciki, na ɗauki darasi guda na fassara wa yaran abin da ke ƙirjinsu. Na ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya iya, da abu ɗaya da ya ke so ya gyara, ba sai ya sa suna ba. Yaron nan da ya ce sunan Bature ne, na gane rubutunsa. Ya rubuta cewa ya iya gudu, amma ya kan amsa tambaya tun bai yi tunani ba. Da na karanta sai na ga ya riga ni, gama shi ya yi aiki da takensa a ranar da ya ji ma'anarsa, ni kuwa nawa ya shekara uku a bangon littafi. Daren nan na sayi ɗan littafin da na ambata, na fara. Abin da na rubuta a shafin farko ba zan faɗa muku ba, amma da Hausa na rubuta shi.

Allah ya nuna mana aibinmu tun muna da ikon gyarawa, ya sa mu zama malaman da yara za su yi koyi da halinsu.